Jirgin Ruwa Ba Shi da Birki: Tarihin Giyar Injin Kwale-kwale Daga Amurka Zuwa Kwatar Lolo

Duk wanda ya taso daga Ka'oje ya bi hanyar Illo, in dai bai ratse ba, a Lolo zai tsaya, a bakin Kwara. Benin na nan dab da hannunsa na hagu, Gaya ta Nijar na can sama da ruwa, ga Dole-Kaina a tsallake. A nan ne wata ranar kasuwa na shiga wani jirgin fito, mu kusan 40, da buhunan shanshera da babura biyu a kwance. Muna tafe lafiya lau, sai da ya rage kamar tsawon filin ƙwallo mu isa gaɓa, dattijon da ke riƙe da inji ya kashe shi ɗif. Wani yaro a goshin jirgin ya miƙe da doguwar gora yana jira.

Na ce, "Baba, mai ne ya ƙare?"

Ya ce, "A'a ɗana, mai na nan. Ribas na yam mutu tun bara. In ban kashe shi tun nan ba, bisa tudu za mu tsaya."

Aka yi dariya, har da ni. Sai daga baya maganar ta riƙa dawo mini. Mota tana da taya manne da ƙasa, ka taka birki ta tsaya. Jirgin ruwa kuwa abu ɗaya ne ke tsayar da shi da gaggawa: farfela ta juya da baya, ta tunkuɗa ruwa gaba. Wato ribas shi ne birkinsa. Dattijon nan ya shekara yana fiton jama'a ba birki, yana cike gurbin da ido da lissafi da gorar yaro. Ba tare da ya sani ba, ya koma irin tuƙin da masu injin kwale-kwale ke yi a Amurka kafin 1949. Bambancin kawai, su a lokacin mutum biyu ne a jirgi da ƙugiyar kamun kifi, shi kuma yana jan nauyin da bai gaza tan huɗu ba.

To daga ina giyar nan ta fito, me ke cikinta, kuma me ya sa a tsofaffin injina ribas ne ke fara tafiya? Amsar na cikin tarihin injin, kuma wanda ya san tarihin zai fi saurin gano inda ciwon yake.

Hannun da ya tura shi ke ja

Wannan yanki tsohuwar hanya ce ta ruwa. Sarkawa, waɗanda asalinsu Sorko ne na ƙasar Songhai, sun daɗe suna bin kogin har suka zama Hausawa a ƙasar Kabi. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda shi da abokansa biyu suka bi Kwara a kwale-kwale tun daga mafarinsa har teku tsakanin 1946 da 1947, ya yi rubutu a kansu a 1950, inda ya nuna yadda suke gangarawa ɗaruruwan kilomita neman kifi sannan su hauro. Ko iyakar da muke gani yau da kwata aka auna ta: yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta ɗora iyakar a mil 10 sama da garin Giris, tashar jiragen Illo (sunan gari ne fa, ba giris na bakanike ba).

Duk wannan zirga-zirga da filafili da gora aka yi ta. Mai filafili bai san wata matsalar giya ba, domin hannun da ya tura jirgi gaba shi ke tsayar da shi, shi ke jan sa baya. Inji da ya zo, ya ba da ƙarfi amma ya ƙwace wannan, kuma sai da aka shekara 40 kafin ya mayar.

Inji ba giya

Tun a 1881 wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya gwada ɗan inji mai batir a bayan kwale-kwale a kogin Seine. Cameron Waterman na Detroit ya fara sayar da mai fetur wajen 1907. Amma wanda ya mayar da abin kasuwa shi ne Ole Evinrude, haifaffen Norway mazaunin Milwaukee, a 1909. Injinsa ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, nauyinsa kilo 28. Labarin da kamfanin ya yi ta yaɗawa shi ne wai ya tuƙa kwale-kwale ne ya tsallaka tafki don sayo wa budurwarsa askirim, kafin ya dawo ya narke, haushin haka ya sa shi ƙera inji. Ko gaskiya ne ko talla, labarin ya nuna wa aka yi wa injin: mai shan iska a tafki ranar hutu.

Waɗannan injina kai tsaye suke. Da zarar inji ya tashi farfela ta fara juyi, jirgi ya fara tafiya, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. In za ka tsaya, ka kashe daga nesa ka bar jirgi ya sulala. Dabarar farko ta komawa baya ita ce a juya injin gaba ɗayansa. Injin 'yan uwan nan Johnson na 1922, mai doki biyu da nauyin kilo 16, ana iya murɗa shi ya fuskanci baya, farfela ta tura ta wancan gefe. Har yau ƙananan injina masu doki biyu ko uku haka suke yi. Sai dai inji na ƙara ƙarfi da nauyi, wannan dabara na zama haɗari. Ka ƙaddara kana murɗa doki 25 da hannu ɗaya, a tsakiyar murɗawar yana tura jirgin ta haƙarƙari.

A 1949 kamfanoni biyu na Amurka, Johnson da Scott-Atwater, suka fito da injina masu hannun giya mai matsayi uku: gaba, firi, ribas. Na Johnson mai doki 10 ne, ana ce masa QD. Tsarin da suka kawo, da 'yan gyare-gyare, shi ne a ƙarƙashin kusan kowane inji da ke kwatar Lolo ko Tuga a yau. Saboda haka bari mu leƙa cikinsa.

Abin da ke cikin ƙafar inji

Kan inji na sama, farfela na ƙasa cikin ruwa. Tsakaninsu akwai doguwar sandar ƙarfe a tsaye da ke saukar da juyi. A ƙarshenta akwai ɗan ƙaramin giya mai haƙora. Wannan ɗan giya yana cizon manyan giya biyu a lokaci guda, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa. Tunda gefe biyu suke cizonsa, ɗaya na juyawa dama, ɗaya hagu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, muddin inji na kunne, duka biyun suna juyi, ko da a firi ne. Sai dai juyin banza suke yi a kan sandar farfela, ba su riƙe ta ba.

A tsakaninsu, a kan sandar farfelar, akwai wani zoben ƙarfe mai kauri, mai 'yan haƙora masu kusurwa a fuskokinsa biyu. Turawa sun laƙaba masa sunan kare saboda cafka ce aikinsa. Mu kira shi macafki. Shi yana iya zamewa gaba ko baya, amma ba ya iya juyi sai tare da sandar. In ya zame gaba ya cafki giyar gaba, farfela ta bi ta. In ya zame baya ya cafki giyar baya, ribas ke nan. In ya tsaya a tsakiya, firi. Babu kuloci mai faifai irin na mota da zai sassauta haɗuwar. Ƙarfe ne ke faɗa wa ƙarfe yana cikin gudu.

Duk tafiyar da macafki ke yi daga firi zuwa cikakkiyar cafka 'yan milimita ce. Kuma umarnin wannan tafiya daga can sama yake zuwa, daga hannun giya, ta cikin fin da bushin da maɗauri da wata siririyar sanda mai tsawon kusan kamu ɗaya ko fiye, wato sandar giya. Kowace gaɓa ta saki rabin milimita, in ka tara su, macafki ya rasa rabin cafkarsa. Yawancin abin da ake kira "giyabos ya lalace" daga nan yake farawa.

Kamfanoni sun rabu a kan yadda sandar ke isar da saƙo. A tsofaffin Johnson da Evinrude sandar hawa da sauka take, tana jan wani ɗan cokali mai yatsu biyu da ke riƙe da macafki ya kai shi gaba ko baya. A Mercury sandar juyawa take, ƙarshenta na da ƙananan haƙora da ke shiga cikin 'yar uwarta ta ƙasa. A ƙananan Yamaha, irin mai doki 15, hawa da sauka take, kuma a gaban ƙafar injin za ka ga inda sanda ta sama da ta ƙasa suka haɗu da dogon noti da wani ƙaramin noti mai kulle shi. A Mercury da irin waɗannan Yamaha, ƙarshen sandar na ɗauke da wani ɗan ƙarfe mai hawa uku kamar matakala, yana tura wani fegi da ke cikin ramin sandar farfela, a bayan fegin kuma akwai sifirin.

Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne amsar tambayarmu. A wannan tsari sifirin ne ke tura macafki zuwa giyar gaba, kyauta, ba sai hannu ya wahala ba. Ribas kuwa sai matakalar ta danne sifirin har ƙarshe, hawa na uku. Saboda haka duk wani sako-sako da ya taru a sama, gaba ba ta jin sa da wuri; ribas ke biya. Jirgi na tafiya daidai, mai shi na samun kuɗin fito, birki kuma na lalacewa a hankali ba wanda ya damu, har ranar da aka neme shi.

An so a guje wa sandar

Injiniyoyi ma sandar nan ta dame su, sun kuma yi ƙoƙarin rabuwa da ita. A 1957 Mercury, ƙarƙashin Carl Kiekhaefer, ya fitar da Mark 75, mai silinda shida da doki 60, ba giya sam. Inji mai bugu biyu yana iya tashi ta kowane gefe, don haka in kana son ribas sai injin ya mutu, ka sake tayar da shi da baya. A takarda abin ya yi kyau. A ruwa kuwa, in ya ƙi tashi a daidai lokacin da gaɓa ke matsowa fa? Masu jirage suka sa masa suna mai fasa kwata, bayan 'yan shekaru aka watsar da tsarin.

Johnson da Evinrude, waɗanda tun 1936 suke ƙarƙashin kamfani ɗaya, OMC, sun bi ta wutar lantarki. Daga 1962 suka sa maganaɗisu a cikin giyabos, direba ya danna maɓalli kawai. A ƙarshen shekarun 1960 suka haɗa wuta da matsin mai, suka tsara shi yadda in waya ta tsinke injin zai faɗa giyar gaba, wai don mutum ya iya komawa gida. Wato dai an zaɓi a rasa birki a kan a rasa tafiya. Zuwa 1973 sun koma wa sandar ƙarfe. Manyan injinan zamani sun sake komawa lantarki da kwamfuta, amma wannan ba na kwatarmu ba ne. A ganina sandar ta yi nasara ne don ita kaɗai ce mutum zai iya gyarawa a bakin ruwa da sufana biyu da filaya.

Yadda aka yi ya zo ya zauna

A Afirka ta Yamma masuntan bakin teku ne suka fara ɗora inji, Senegal a farkon shekarun 1950, Ghana wajen ƙarshensu. A namu ɓangaren, madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta mayar da kogin da ke ƙasa da Yawuri tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, mai iska da igiyar ruwa, inda filafili ba ya kai mutum kasuwa ya dawo a yini. Shekarun da suka biyo baya na kuɗin man fetur ne, naira na da ƙarfi, inji na da araha.

A daidai lokacin Japanawa suka shigo: Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960, Suzuki a 1965. Yamaha ya lura da abin da na Amurka ba su kula da shi sosai ba, cewa akwai masu sayen inji don neman abinci, a ruwa mai laka, da fetur mara kyau, nesa da shagon kayan gyara. A shekarun 1970 ya fitar da jerin Enduro saboda su, har da masu shan kananzir. Mai doki 15 da mai 40 da mai 75 da ake gani a kogunanmu 'ya'yan wannan gida ne. Daga 1998 dokokin hayaƙi na Amurka, daga baya na Turai, suka kori irin wannan inji mai bugu biyu da kafireto daga kasuwanninsu, amma aka ci gaba da ƙera shi don Afirka da Asiya. Ka ga ke nan ko sabo ka saya a kwali, zanen tsoho ne. Su kuwa iyayen gidan sun tafi: OMC ya karye a Disamba 2000, an daina ƙera Evinrude a 2020.

Sai maganar kuɗi. Kafin 1986 naira ta kai dala, har ta fi ta. Daga shirin SAP na wannan shekara ta fara zubewa, a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,400. Injin da masu zanensa suka ɗauka za a canza bayan wasu shekaru, ya zama gado. Aka koma ga ɗan Kwatano da kayan gwanjo, kan wannan inji a ɗora a ƙafar wancan, sandar giya ta wani samfuri a lanƙwasa ta ta shiga. Aikin kuma ƙaruwa yake yi. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa da hanyoyi a Kebbi, garuruwa da dama sai ta jirgi. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanville, mutane da kaya suka koma kwale-kwale. Mai shan iska a Amurka zai sa giya sau goma a ranar hutu, ya ajiye inji duk lokacin sanyi. Mai fito yana sawa yana cirewa tun asuba har magariba, kowace rana ta Allah.

Kogin ma da nasa. Sau biyu yake kawo ruwa a shekara: farin ruwa na damina mai laka, sannan baƙin ruwa da ke isowa da sanyi daga tsaunukan Gini bayan ya yi watanni a fadamun Mali. Da bazara kuma ya janye ya bar tudun yashi. Laka na cin sil, yashi na dukan farfela, kainuwa da zaren taru na naɗe ta.

In giya ta fara gardama

Tambayar farko: anya giyar ce? In ka murɗa totur inji ya yi ta kuka sama jirgi bai ƙara gudu ba, kuma ba ka ji wani duka ba, a fi zargin farfela. Tsofaffi da ƙananan injina suna da ɗan fin da aka yi shi don ya karye in farfela ta daki abu, saura kuma roba ce a cikin cibiyar farfela da kan saki. Ja layi ɗaya da ƙusa ko fenti daga cibiyar zuwa jikin farfela, yi ɗan zagaye, ɗaga inji ka duba. In layin ya rabu biyu, giyabos ba shi da laifi. Fitar giya kuwa ba ta ɓuya: jirgi na cikin gudu sai ka ji gum, kamar an daki kututture, ya ci gaba, can kuma gum. Macafki ne ke zamewa daga giyar gaba yana sake faɗawa.

In an tabbatar giya ce, a raba gardamar gida biyu kafin a taɓa giyabos. A kashe inji, a cire hulunan fulogi, don farfela a giya tana iya tayar da inji in aka juya ta da hannu, kuma yatsu ba su da gwanjo. A kwance mahaɗar sandar sama da ta ƙasa. Kafin a kwance, a ƙirga zaren noti nawa ke waje, ko a yi alama. Sannan mutum ɗaya ya riƙa juya farfela a hankali, ɗaya ya kama sandar ƙasa da filaya ya kai ta matsayi uku. In gaba ta kama ƙam, firi farfela na yawo ba ƙara, ribas ya kama ƙam, to ƙasa lafiya take, ciwon na sama: bushin ya cinye, fin ya yi rami, sanda ta lanƙwashe, ko ɗan sifirin da ke riƙe hannun giya a matsayinsa ya mutu. A wasu injina farfela kan yi ƙas-ƙas ta gefe ɗaya in tana giyar gaba. Haka aka yi su. In kuma hannun giyar na da tauri alhali sandar a kwance take, tsatsa ce da busasshen giris. Injin da ke da sitiyari da wayar giya, a fara cire wayar, don ita ce kan fara miƙewa.

Juya farfelar nan ba ado ba ne. In inji a kashe yake kuma haƙoran macafki suka yi karo da na giya kai da kai, ba za su shiga ba, mai ƙarfi kuma sai ya danna hannun giya da ƙarfi ya lanƙwasa sandar. Yara masu wasa da inji a kwata sun kashe ribas da yawa ta haka.

Akwai wata tambaya da bakanike nagari ke yi tun kafin ya ɗauki sufana: yaushe aka sauke ƙafar injin? Robar famfon ruwa a can take, kuma a ruwa mai yashi ana yawan canza ta, dole kuma a raba sandar giya kafin ƙafa ta sauka. In wajen mayarwa aka ƙara ko aka rage zagaye biyu na noti, ko a tsarin Mercury aka tsallake haƙori ɗaya, ko hannu na firi ƙasa na gaba, shi ke nan. Inji ya je gyaran ruwa ya dawo da ciwon giya. Saitin ba wuya: hannu a firi, ƙasa a tsakiyar firi, a haɗa su ba tare da an ja ɗaya ya tarar da ɗaya ba, a kulle. Sannan a gwada, tazarar da hannu ke yi kafin gaba ta kama ta yi kusan daidai da wadda yake yi kafin ribas ya kama. In gaba na kamawa tun da wuri ribas na karta, sandar ta karkata gefe ɗaya.

Daga nan sai man giyabos. A kwance sukurun ƙasa a tara. In ya fito kamar madara ko kunu, ruwa ya shiga, ko ta sil ɗin sandar giya ko ta na bayan farfela, inda zaren taru kan naɗe ya yanka roba. In da ɓarɓashin ƙarfe manya, an makara. Man giya mai lamba 90 ake sawa, daga ramin ƙasa ake ɗura shi har ya fito ta na sama, don kada iska ta maƙale.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni mamaki da na fara fahimtarsa. Mutum ya ga injinsa ya tsufa, sai ya riƙa tausaya masa, yana sa giya a hankali, kana jin ƙarrrr kafin ta kama. Wannan tausayin ne ke kashe ta. Mu yi lissafi. Inji a sulo yana juyi wajen 1,000 a minti ko ƙasa da haka. Giyabos na rage shi kusan rabi, wato giyar gaba na juyi 500 a minti, sau takwas a daƙiƙa. In macafki na da haƙora uku, duk daƙiƙa ɗaya ta ƙarrrr ɗin nan duka 24 ne a kan gefen haƙori, daidai kusurwar da cafka ta dogara da ita. A yi haka sau 50 a rana na shekara guda, kusurwa ta zama kumburi mai santsi, ta fara zamewa. Giyar jirgi so take a rage totur har ƙasa, a ɗan jira, a jefa ta lokaci ɗaya, ƙwas.

Sulo ɗin ma yana da labari. Fetur na kwalba da jarka na zuwa da datti da ruwa, ƙaramin ramin kafireto ya toshe, inji ya riƙa mutuwa in an rage wuta. Maimakon a wanke kafireto, sai a ɗaga sulo. Yanzu kowace sa giya a gudu mai yawa ake yin ta, dukan ya ninka. Ciwon da ya faro daga jarkar mai ya ƙare a macafki, bakaniken da bai bi sawun ba zai canza macafki, bayan wata shida a dawo masa.

Dabarun kwata kuwa na gan su iri-iri. Akwai masu ɗaure hannun giya da robar taya don kada ya fita. Yana aiki na ɗan lokaci, amma yana cin abin da ke ciki, kuma ranar da ake buƙatar firi da gaggawa hannu a ɗaure yake. Akwai masu kai macafki wajen mai walda a cike a goge. Taurin ƙarfen a fatarsa ta waje yake, ɗan siriri, wuta da dutsen guga na tafiya da shi, abin da ya rage ba ya jure duka. A wasu tsofaffin samfura macafki fuska biyu iri ɗaya ne, ana iya juya shi, lafiyayyen gefen ribas ya koma gaba. Wannan ya fi walda, amma a lura da abin da aka yi: an ba birki ruɓaɓɓen gefen. In za a canza, a canza macafki da giyar da yake cafka tare, don tsohuwar giya mai santsi za ta cinye sabon macafki.

Sai ɗan makullin da ke hana igiyar tayarwa jawuwa in inji na cikin giya. Da sandar giya yake aiki, don haka in saiti ya goce sai ya riƙa hana tayarwa ko a firi, mai jirgi ya fusata ya cire shi ya jefar. Daga ranar, mutumin da ke tsaye a ƙarshen jirgi yana fizgar igiya zai iya tayar da doki 40 a giya, jirgi ya zabura, shi ya faɗa ta baya inda farfela take.

A watan Satumba 2017 jirgin da ya taso daga Gaya da 'yan kasuwa ya kife kusa da Lolo, mutum fiye da 30 suka rasu. A 26 ga Mayu 2021 wani ya nutse kusa da Wara da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto ashirin da 'yan kai ne. Allah ya jiƙan su. Hukumomi lodi fiye da ƙima suka ɗora wa laifi, ba giya ba, ni ma ba na cewa giya ce. Amma abubuwan biyu na da mahaɗa. Injin kwale-kwale da turin farfela yake juya jirgi. In giya ta fita a tsakiyar kogi, tafiya da sitiyari ne suka tafi tare. Ruwa sai ya juya jirgin ya ba shi haƙarƙari. Jirgin da ke da kamu guda tsakanin bakinsa da ruwa zai yi tangaɗi ya wuce. Wanda aka loda har saura yatsu huɗu, ga mutane sun firgita sun karkata gefe ɗaya, ba shi da wannan sarari.

Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma take da ofis a Yawuri, ta fi matsawa a kan rigar ruwa da yawan lodi da hana tafiyar dare, kuma duk suna kan hanya. Da ni ne sarkin jirgi a Lolo ko Tuga, da na ƙara gwaji ɗaya wanda ba ya cin ko kwabo: kafin fasinja na farko ya taka, jirgi na ɗaure, a tayar da inji a firi, a jefa gaba, a dawo firi, a jefa ribas, kowanne ya kama ba ƙarrrr. Bai kai minti ɗaya ba. Jirgin da na shiga rannan da a nan zai tsaya, a kira bakanike ya fara da notin nan biyu na gaban ƙafar inji.